BERNHARD BANG, LIKITAN DA YA GANO ƘWAYAR CUTAR BAKKALE

Duk wanda ya zauna da masu shanu a ƙasar Ɗambatta, ko Bici, ko Kunci, ya san yadda ake shakkar bakkale. Saniya za ta ɗauki ciki lafiya lau, a yi ta lissafin watan haihuwarta, sai ta kai wata shida ko bakwai ta yi ɓari. Mabiyiya ta maƙale, ruwa mai wari ya yi ta zuba daga mahaifa, nono ya ragu. Kafin a gama jimamin wannan sai wata ta bi sahunta, sa'an nan wata. Waɗansu shanun gwiwarsu ta kumbura, waɗansu kuma su zama juya. Mai garke ya rasa maraƙi, uwargida ta rasa nonon da za ta kai kasuwa.

A ƙasashen Turai da Amurka an daɗe ana kiran wannan ciwo da sunan mutum guda, ana ce da shi cutar Bang. Mutumin kuwa shi ne Bernhard Lauritz Frederik Bang, wani likitan dabbobi na ƙasar Danmak, wanda ya fara ware ƙwayar cutar daga cikin mahaifar saniya, ya kuma tabbatar wa duniya cewa ita ce ke haddasa ɓarin. Bai taɓa kiwo a ƙasar Hausa ba, amma mutanen da ya yi wa aiki ƙananan manoma ne masu 'yan shanu kaɗan, waɗanda ba su da halin yanka dabbobinsu don wani likita ya ce suna da cuta. Saboda haka ne tarihinsa ya shafi manomin arewacin Kano.

HAIHUWARSA DA KARATUNSA

An haifi Bang ran 7 ga watan Yuni, 1848, a wani ƙaramin gari da ake kira Soro, a tsibirin da Kopanhagan, babban birnin Danmak, yake a kai. Garin ya yi suna saboda wata tsohuwar makaranta da ke cikinsa, kuma a nan mahaifinsa yake koyarwa. Da ya ƙare karatun farko sai ya tafi Jami'ar Kopanhagan ya karanta aikin likitan mutane, ya sami takardar shaidarsa a 1872. Shekara ɗaya bayan haka, watau 1873, ya ci jarrabawar likitan dabbobi. A wancan zamani likitan mutane yana gaba da na dabbobi nesa ba kusa ba wajen daraja da samun kuɗi, don haka ba kasafai ake samun mai haɗa ilmin biyu ba.

Ya fara aiki ne a asibitin mutane a Kopanhagan, inda ya ƙware wajen binciken gawa don gano musabbabin mutuwa. A 1880 ya sami digirin dakta da wani bincike da ya yi a kan gudan jinin da ke toshe jijiyoyin huhu. A cikin wannan shekara aka ɗauke shi malami a babbar Kwalejin Likitan Dabbobi da Aikin Gona ta ƙasar. Da fari fiɗa ya koyar, ya kuma shigo da irin tsabtar da likitocin mutane suka fara bi, ta wanke hannu da kayan aiki da maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin a taɓa rauni. Daga bisani ya koma koyar da cututtukan cikin jikin dabbobi. A wannan kwaleji ya zauna har ya yi ritaya.

ƘASAR DA TA DOGARA GA NONO

Ba za a gane muhimmancin aikin Bang ba sai an san halin da ƙasarsa take ciki. Danmak ƙaramar ƙasa ce, kuma a 1864 ta sha kashi a yaƙi, aka ƙwace mata yankunanta na kudu. Ba a daɗe ba sai hatsi mai araha ya fara kwararowa Turai daga Amurka da Rasha, noman hatsi ya daina biyan manomin Danmak. Sai manoman suka juya ga kiwon shanu da aladu. A 1882 aka buɗe gidan sarrafa madara na farko na ƙungiyar gama kai a wani ƙauye mai suna Hjedding, kuma cikin 'yan shekaru kaɗan irin waɗannan gidaje suka bazu ko'ina. Kowane manomi yakan kai madararsa da safe, inji ya cire man, a sayar da man shanun a Ingila, sa'an nan a mayar masa da sauran madarar ya ba maruƙansa.

Wannan tsari ya kawo arziki, ya kuma kawo haɗari. Tun da ana haɗa madarar ƙauye duka a mazubi ɗaya, saniya guda mai cuta ta isa ta harbi maruƙan gidaje da yawa. Cututtuka biyu ne suka fi addabar garkunan: tarin fuka, da ɓari mai yaɗuwa.

TARIN FUKA DA DABARAR RABA GARKE

Bang ya fara da tarin fuka. A 1882 Robert Koch na Jamus ya gano ƙwayar wannan cuta, kuma a 1884 Bang ya ba da bayanin bincikensa a kan tarin fukar da ke kama hantsar saniya, ya nuna cewa madarar irin wannan hantsa tana ɗauke da ƙwayar. A 1890 Koch ya fito da wani ruwa da ya kira tubakulin, yana zaton magani ne. Bai warkar da kowa ba, amma an lura cewa idan aka yi wa mai ɗauke da cutar allurarsa sai jikinsa ya yi zafi. Bang yana cikin waɗanda suka fara gwada shi a kan shanu, ya ga cewa yana tona asirin dabbar da ke ɗauke da cutar ko da ana ganinta da ƙiba da ƙoshin lafiya.

Gwajin ya bayyana cewa cutar ta yi yawa fiye da yadda kowa yake tsammani. Waɗansu hukumomi a Turai da Amurka suka ɗauki hanyar yanka duk dabbar da aka same ta da alamar, amma ba su yi nisa ba sai kuɗin diyya ya gagara, manoma kuma suka tayar da ƙayar baya. Bang ya san in aka bi wannan hanya a Danmak talauci zai kashe manoma kafin cutar ta kashe shanunsu.

A 1892 ya fara wani gwaji a wata gona da ake kira Thurebylille, mai shanu kimanin ɗari biyu, waɗanda fiye da rabinsu suka nuna alamar cutar. Ya sa aka gitta katangar katako a tsakiyar ɗakin shanun, masu alamar a gefe ɗaya, masu lafiya a ɗaya gefen, kowane ɓangare da masu kula da shi da kayan aikinsa. Sai waɗanda ciwon ya ci ƙarfinsu kaɗai aka yanka. Sauran aka bar su suna haihuwa suna ba da madara. Da ma ya riga ya lura cewa galibin maruƙa lafiya ake haihuwarsu, daga baya ne suke kamuwa. Saboda haka da zarar an haifi maraƙi sai a ɗauke shi a kai shi ɓangaren masu lafiya, a riƙa ba shi dafaffiyar madara. Sau biyu a shekara ana sake gwaji. Sannu a hankali garken masu lafiya ya yi ta ƙaruwa, ɗayan kuma yana raguwa, ba tare da mai gonar ya karye ba.

Gwamnati ta karɓi wannan dabara. A 1893 aka yi dokar ba manoma tubakulin kyauta in sun yarda za su raba garkensu, a 1898 kuma aka wajabta wa gidajen madara su dafa sauran madarar har zafinta ya kai digiri 85 kafin su mayar wa manoma. A 1901, sa'ad da Koch da kansa ya tsaya a wani babban taro a Landan ya nuna cewa tarin fukar shanu ba wani abin tsoro ba ne ga ɗan Adam, Bang yana cikin waɗanda suka ƙi yarda da shi. Binciken da aka yi daga baya ya gaskata su.

SANIYAR DA AKA YANKA A 1895

Ɓari mai yaɗuwa kuwa ya daɗe yana ruɗa masana. Manoma sun san cewa in ya shiga garke yakan bi shanu ɗaya bayan ɗaya, amma ba a san dalili ba. Waɗansu suna ɗora laifin a kan ruɓaɓɓiyar ciyawa, waɗansu a kan sanyi, waɗansu kuma suna ganin saniya tana koyi ne da 'yar'uwarta in ta ga ta yi ɓari. A 1886 wani masani na Faransa, Edmond Nocard, ya duba al'amarin, ya ga ƙwayoyin cuta iri iri a tsakanin mahaifa da mabiyiya, amma bai iya tantance wadda ke da laifin ba. Wahalar ita ce, da zarar saniya ta yi ɓari, bakin mahaifa ya buɗe, sai ƙwayoyi barkatai daga ƙasa da kashi su shiga su cakuɗe da ta asali.

Bang ya ga cewa mafita ita ce a duba mahaifar tun tana rufe. A ƙarshen 1895 shi da mataimakinsa, Valdemar Stribolt, suka sami wata saniya daga garken da cutar ta shiga, wadda ta fara nuna alamun za ta yi ɓari. Suka sa aka yanka ta, aka ɗaure bakin mahaifar, aka kai ta ɗakin bincike a rufe. Da suka tsaga ta da kayan aikin da aka ƙona da wuta, sai suka tarar da wani ruwa mai kauri, rawaya rawaya, marar wari, kwance tsakanin bangon mahaifar da jakar ɗan tayin. Suka duba shi a madubin likita, sai ga ƙwayoyi 'yan mitsi mitsi iri ɗaya tak, ba gauraye.

Ganin ƙwaya bai isa hujja ba. Dole ne a rene ta ita kaɗai a cikin kwalba, sa'an nan a sa wa lafiyayyar dabba a ga ko ciwon zai fito. Ƙwayar ta ƙi tsirowa a kan abincin da aka saba renon sauran ƙwayoyi da shi. Da suka zuba ta a wani abinci mai daskarewa da aka gauraya da ruwan jini, sai suka ga abin mamaki: ba ta tsiro a sama inda iska take ba, ba ta kuma tsiro a can ƙasa ba, sai a wani siririn layi kimanin rabin santimita daga sama. Shekaru da yawa bayan haka aka gane cewa tana bukatar iskar nan da dabba ke fitarwa in ta yi numfashi, fiye da yadda ake samunta a sarari. Da suka sami ƙwayar tsantsa sai suka sa wa shanu masu ciki, shanun suka yi ɓari, kuma aka sake samun ƙwayar nan a mahaifarsu. A 1897 Bang ya buga sakamakon aikin.

Da fari ya fi zargin bijimi da yaɗa cutar wajen barbara, har ya ba da shawarar a riƙa wanke bijimai. Gwaje-gwajen da shi da waɗansu masana suka yi daga baya suka nuna cewa ta baki ta fi shiga, watau idan saniya ta lashi ɗan tayin da aka ɓarar, ko mabiyiya, ko ta ci ciyawa ko ta sha ruwan da ƙazantar ɓarin ta taɓa. Daga nan ƙwayar ta bi jini ta sauka a hantsa da mahaifa. A 1962 masana a Ingila suka gano wani irin sukari a cikin mahaifar saniya mai ciki wanda ƙwayar ke so ƙwarai, shi ya sa take taruwa a can.

DAGA SANIYA ZUWA MUTUM

Akwai wani ɓangare na labarin da Bang bai gano ba. Tun a 1887 wani likitan sojan Ingila, David Bruce, ya ware ƙwayar wani zazzaɓi mai tafiya yana dawowa da ke kwantar da sojoji a tsibirin Malta, kuma a 1905 wani likita ɗan tsibirin, Themistocles Zammit, ya gano cewa daga madarar awaki ake ɗaukarsa. Shekaru suka wuce ba wanda ya haɗa wannan da ɓarin shanu, domin likitocin mutane suna nasu aikin, na dabbobi suna nasu. Sai a 1918 wata masaniya a Ma'aikatar Gona ta Amurka, Alice Evans, ta jera ƙwayoyin biyu ta nuna cewa kusan ba a iya bambanta su, ta kuma yi gargaɗi a kan shan ɗanyar madara. Masu sana'ar madara suka yi mata ca, ita kanta kuma ta kamu da zazzaɓin, ta yi shekaru tana fama. A 1920 aka haɗa ƙwayoyin a dangi ɗaya aka raɗa masa suna Brucella don girmama Bruce, tasa ta Bang kuma aka kira ta Brucella abortus. Kafin Bang ya rasu, likitoci a Danmak sun sami ɗaruruwan mutane da wannan zazzaɓi, kuma daga shanu suka same shi.

SAURAN ƘWAYOYIN MAHAIFA

Bakkale ba ita kaɗai ce ke lalata mahaifar saniya ba, kuma a nan ma akwai hannun Bang. Wajen 1890 ya yi bincike a kan wata ƙwaya da ba ta rayuwa inda iska take, wadda ya samu a cikin ƙurajen hanta da ruɓaɓɓen kofato, ya kira ta ƙwayar ruɓar nama. Yau sunanta Fusobacterium necrophorum, kuma tana cikin manyan masu haddasa ciwon mahaifa bayan haihuwa. A kwanakin farko bayan saniya ta haihu, ƙwayar Escherichia coli, wadda ke cikin kashi, takan shiga ta share hanya, sa'an nan wannan ta Bang da wata mai tara mugunya, Trueperella pyogenes, su biyo baya suna taimakon juna. Saniyar da ta sha wuyar haihuwa, ko aka sa mata hannu marar tsabta, ko mabiyiyarta ta wuce yini guda ba ta faɗo ba, ita ta fi shiga haɗari. Za a ga zazzaɓi da ƙin cin abinci da ruwa ja mai ɗoyi, in kuma ta tashi sai ɗaukar ciki ya yi mata wuya. Irin wannan ciwo likitan dabbobi yana iya maganinsa. Bakkale kuwa, in ta kama saniya, yawanci tana tare da ita har ƙarshen ranta, ko da ta koma haihuwa lafiya.

ƘARSHEN RAYUWARSA

A 1906 Bang ya bayyana wani ciwon hanji mai sa shanu zawo da rama, ya nuna cewa ko da yake ƙwayarsa ta yi kama da ta tarin fuka, ciwo ne dabam. Ɗansa Oluf ya gaje shi a aikin likitan dabbobi, ya kuma ci gaba da bincike a kan wannan ciwon. Bang ya bar koyarwa a 1914, amma ya ci gaba da ba gwamnati shawara a kan lafiyar dabbobi shekaru da dama. Ya rasu a Kopanhagan ran 22 ga watan Yuni, 1932, yana da shekara 84. Bai ga ƙarshen yaƙin da ya fara ba. Sai wajen shekara talatin bayan rasuwarsa Danmak ta raba shanunta da tarin fuka da bakkale, ta hanyar gwaji da rabewa da dafa madara, tare da haɗin kan ƙungiyoyin manoma.

BAKKALE A ƘASAR KANO

A Nijeriya likitocin dabbobi sun fara ba da rahoton cutar tun a shekarun 1920, lokacin da aka kafa ɗakin binciken cututtukan dabbobi a Vom a 1924. Amma hankalin hukuma ya fi karkata ga bushiya da ciwon huhu da sammore, waɗanda ke kashe shanu a gani da ido. An kawar da bushiya daga duniya a 2011, bakkale kuwa tana nan. Wani bincike da aka buga a 2012 a kan garkunan jihohin Adamawa da Kaduna da Kano ya sami alamar cutar a jinin kimanin saniya ɗaya cikin huɗu na waɗanda aka gwada.

Yanayin arewacin Kano yana ba cutar dama. Daga Minjibir zuwa Makoɗa da Tsanyawa gona tana manne da gona, burtali ya tsuke, makiyaya ta ragu. Da kaka shanun Fulani sukan shiga gonaki su ci kara su bar taki, su sha a rijiya ko tafki ɗaya da dabbobin gari. Ana aron bijimi, ana ba da kiwo, saniyar da ta yi ɓari kuma sau da yawa kasuwa ake kai ta, wani ya saya ya kai cikin nasa garken. Makiyayi yakan ciro mabiyiya da hannunsa tsirara, a jefar da ita bayan garke, karnuka su ja ta zuwa wani wuri. Mahauci ma yana cikin haɗari, haka mai tatsa da yaran da ke shan ɗanyar madara. Wanda ya kamu zai yi ta zazzaɓi da gumin dare da ciwon gaɓoɓi, a yi ta ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro ko na taifot ba sauƙi, alhali kuwa tasa cutar tana bukatar magunguna biyu a haɗe har mako shida.

Abin da Bang ya koyar bai fi ƙarfin mai saniya biyar ba. A ware saniyar da ta yi ɓari a turke dabam har ruwan ya daina zuba. A binne ɗan tayin da mabiyiyar a rami mai zurfi ko a ƙone su, kada a taɓa su sai an rufe hannu. A tafasa madara kafin a sha ko a yi kindirmo da ita, domin tsami kaɗai ba ya tabbatar da mutuwar ƙwayar. Sabuwar saniya kuma a nemi malamin dabbobi ya gwada jininta kafin a haɗa ta da sauran. Sauran aikin na hukuma ne. Akwai allurar rigakafi da ake yi wa 'yan maruƙa mata, wadda aka samo asalinta a Amurka a 1923, kuma cibiyar Vom tana cikin masu yin ta. Akwai gwajin madara mai sauƙi da ake iya yi a duk inda ake tara nono, wanda zai nuna garken da cutar take ciki. Ma'aikatan gona na ƙananan hukumomi, da ɗaliban Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Ɗambatta, da na sashen likitan dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, su ne ke tsakanin wannan ilmi da mai garke. A Danmak an ɗauki fiye da shekara sittin daga ranar da Bang ya tsaga mahaifar nan zuwa ranar da aka ga bayan cutar, kuma galibin aikin manoma ne suka yi shi a cikin garkunansu.